Wadda Ta Kawo Cyriel

Allon da ke ƙofar otal ya raba mutanen duniya gida huɗu. Masu yara, gasar gina gidan yashi da ƙarfe goma. Matasa, ƙwallo da hawan igiyar ruwa. Masoya, hawan doki da la'asar. Tsofaffi kuwa motsa jiki da ƙarfe sha ɗaya, a biyo da kofi. Godelieve ta daɗe tsaye a gabansa, hannun mijinta cikin nata, tana karantawa tana sake karantawa.

"Marcella, mu a wane gida aka saka mu?"

"Masoya mana," na ce. "Ki ɗora Cyriel a kan doki mu sha kallo."

"Ke dai bakinki ba ya tsufa."

Shekara talatin da ɗaya ina ba da hayar kujeru da laima a wannan bakin teku, ban taɓa ganin watan Yulin da waɗannan biyun ba su zo ba. Cyriel direban jirgin ƙasa ne da ya yi ritaya, mutum mai surutu kamar rediyo, wanda kan tsaya ya koya mini yadda ake kafa laima, ni da nake sana'ar. Bana shiru ya zo. Ciwon mantuwa ya shekara uku yana cin sa. Ya manta hanyar gidansa, ya manta jikokinsa, wani lokaci cokali ma sai an nuna masa. Abu ɗaya ya rage masa: duk safiya idan ya buɗe ido yakan kira matarsa da gajeren sunanta ya ce, "Lieve, kin tashi?"

Ɗansu Joris ya samo masa gurbi a gidan kula da tsofaffi, an ba su zuwa ƙarshen wata su ce e ko a'a. Godelieve ta gaya mini wannan ranar da suka iso, tana shafa wa mijin man kare fata daga rana a ƙeya.

"Na ce da Joris, muddin ubanka zai dubi fuskata ya kira sunana, ba inda za shi. Ranar da ya kasa, ni da kaina zan haɗa masa kaya."

Saboda ɓatan yara, bakin tekunmu cike yake da dogayen turaku, kowanne da hoto a kansa: kifi, jirgi, ƙwallo, gida. Kujeruna a gindin mai ayaba suke. 'Yan ceto kuma suna raba awarwaron roba da ake rubuta lambar waya a jiki. Godelieve ta karɓo ɗaya ta ɗaura wa Cyriel. Shekararsa tamanin da biyu, ya miƙa hannu ba musu, har yana juya abin yana murmushi. Ni na kau da kai, don ban iya kallo ba.

Ranar Alhamis aka yi zafin da ba mu saba da shi ba. Ko iska babu. Teku ya janye can nesa, ya bar yashi jiƙaƙƙe yana ƙyalli. Na lura Godelieve ta kafa wa ruwan ido tun safe.

"Rabona da iyo shekara uku," ta ce. "Ko wanka ma da ƙofa a buɗe nake yi, kunnena na wajensa."

"To tashi ki je. Awa ɗaya ba za ta kashe kowa ba."

"Anya, Marcella?"

"Haba! Ni da nake tsare kujera ɗari biyu, tsoho ɗaya ne zai gagare ni?"

Ni na faɗi haka da bakina, kuma har gobe abin yana cina.

Ta durƙusa gabansa. "Tsohona, zan ɗan taɓa ruwa in dawo. Ka zauna nan wajen ayaba, ka ji?"

"To, Lieve," ya ce.

Bai fi minti ashirin da tafiyarta ba hazon ya taso. Mu 'yan nan mun san shi. A rana mafi zafi yake zuwa, da tsakar rana, daga cikin teku, fari fat, ba guguwa ba gargaɗi. Da farko jiragen kamun kifi suka ɓace, sannan kawunan masu iyo, sannan turken kifi da ke kusa da mu. Rana ta koma wani farin faranti da za ka iya kallo ido buɗe. Sanyi ya sauko. Kiɗan masu motsa jiki bai tsaya ba, ana jin muryar mai koyarwa tana ƙirga ɗaya, biyu, amma ba a ganin kowa. Can cikin farin, 'yan ceto suka soma busa ƙaho don masu iyo su san inda tudu yake.

Mutane suka yo kaina da kujeru da laima, kowa yana son tafiya, yara na kuka. Na rantse ban juya baya fiye da minti biyar ba. Da na waiwaya, kujerar Cyriel ba kowa, takalmansa a jere a ƙarƙashinta.

Wayyo, na kira sunansa har muryata ta dushe. Na yi hagu, na yi dama, na kama wani baƙo da hannu ina tsammani shi ne. Ruwa kuwa ya fara dawowa, ina jin sa yana lasar yashi ba na ganin sa. A nan idan ya tashi dawowa ba ya jiran tsoho.

Ƙarfe ɗaya da rabi Godelieve ta fito daga cikin hazon, ruwa na zuba daga gashinta, fuskarta a sake kamar wadda ta yi barci ta ƙoshi.

"Kai, Marcella, ruwan nan! Minti goma kawai, amma ji na yi kamar an cire mini shekara hamsin."

"Wane minti goma? Awa ɗaya da rabi kika yi."

Ta buɗe baki za ta yi musu, sai idonta ya faɗa kan kujerar. Ba ta zage ni ba. Da ma ta zage ni. Ta sunkuya ta ɗauki takalman, ta rungume su a ƙirji.

A lokacin wayarta ta yi ƙara a cikin jaka. Norbert ne, shugaban 'yan ceto, yana cewa akwai wani dattijo a rumfarsu mai ɗauke da wannan lambar.

Muka ruga, tsofaffi biyu, muna tuntuɓe da gidajen yashin da yara suka bari. Rumfar tana gaban turaku huɗu daga nawa. A kan bencin da ake ajiye yaran da suka ɓata, ga Cyriel zaune, an yafa masa bargo, wandonsa jiƙe har cinya. Fuskarsa kuwa tana haske. Rabon da in gan shi haka tun yana koya mini kafa laima.

"Da sauran kwanansa," in ji Norbert, yana share gemu. "Can wajen duwatsu ya kai, ruwa ya riga ya kewaye shi. Wata ce ta riƙo hannunsa ta kawo shi."

"Wace ce? Tana ina in yi mata godiya?" in ji Godelieve.

"Ta koma ruwa. Na yi mata magana, na ce an hana shiga, ko waiwayowa ba ta yi ba. Na tura mutum biyu bayanta, ba su ga kowa ba." Ya dubi Godelieve. "Ba za ta wuce ashirin da biyar ba. Da hular wanka fara mai furannin roba, irin wadda uwata take sawa a da. Tana da wani tabo nan, a haɓa. Tafe suke suna dariya, yana ta ce mata Lieveke, Lieveke. Na ɗauka jikarku ce."

Godelieve ta ɗaga hannu a hankali ta taɓa haɓarta. Shekara talatin da ɗaya ina kallon fuskar matar nan, sai ranar na ga tabon, ya shige cikin tamoji. Tsigar jikina ta tashi.

"Ba mu da jika mace," ta ce.

Akwai ƙa'ida a rumfar ceto: ba a miƙa wanda ya ɓata sai an tambaye shi ko ya san wanda ya zo ɗaukarsa. Norbert ya yi tambayar nan sau dubu, bakinsa ya saba, kafin in harare shi ta riga ta fita.

"Baba, ka san wannan?"

Cyriel ya dubi matarsa. Ya dube ta sosai, da ladabi, tun daga farin gashinta har zuwa takalmansa da ke ƙirjinta.

"Sannu, baiwar Allah," ya ce. Ya juya ga Norbert. "A'a, ban san ta ba."

"Cyriel, ni ce fa." Muryarta ta yi ƙasa. "Dube ni da kyau, tsohona. Ni ce Lieve."

Ya yi 'yar dariya, irin ta mai jin kunyar gyara wa babba magana. "Sunanku ɗaya ke nan da matata. Yanzun nan ta tafi, ta ce za ta ɗan taɓa ruwa ta dawo."

Norbert ya rasa inda zai sa idonsa. "Ki yi haƙuri, Mama, subutar baki ce. Lambarki ce a hannunsa, ki tafi da shi kawai."

Godelieve ta durƙusa a kan gwiwoyinta masu ciwo, ta kakkaɓe yashin ƙafafun Cyriel, ta sa masa takalma ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaure igiya. Ya yi mata godiya sau biyu. Da ta zo zama a damansa, sai ya yi sauri ya dafa wurin.

"Nan nata ne. Ki zauna ta nan."

Ta zagaya ta zauna a hagunsa. Ta miƙo mini wayarta ba tare da ta dube ni ba.

"Marcella, nemo mini Joris."

Ina laluben sunan, hawaye sun hana ni ganin rubutu, na ji ta tambaye shi, cikin muryar da ake yi wa baƙo hira a tasha:

"Matar taka, tana kula da kai kuwa?"

"Sosai," in ji Cyriel. "Ba ta taɓa barina ni kaɗai ba."

Sai ya miƙe zaune, ya ɗaga hannu yana yi wa hazon alama, fuskarsa duk murna.

"Yauwa, ga ta can."

Norbert ya juya. Ni na sunkuyar da kai, don ba na son in gani. Godelieve kuwa ta bi hannunsa da kallo, ta daɗe tana kallo, sannan ta sa yatsu ta gyara jiƙaƙƙen gashinta.