Kwana Biyu Bayan Zuwan Ashiru

Khairiyya malamar firamare ce a Roni. Wata takwas da suka wuce aka yi mata aiki a Kazaure aka ciro ɗanta Jalaluddeen, bayan ta kwana biyu tana naƙuda. Jini ya ɓalle mata, sai da aka ƙara mata leda uku. Ranar da za a sallame ta likita ya zaunar da ita da mijinta Ashiru, ya ce kada ta sake ɗaukar ciki sai an shekara biyu, don ɗinkin mahaifa ya warke sosai.

Ta yi allurar tazarar haihuwa sau ɗaya. Da lokacin ta biyu ya zo ta je asibitin garinsu aka ce ta ƙare, ta dawo wani satin. Ba ta koma ba. Ashiru direban tanka ne, yakan yi wata uku a hanyar Kudu bai leƙo gida ba, sai ta ga babu gaggawa.

Ranar Asabar sai ga shi ba sanarwa, an ba shi kwana ɗaya. Lahadi da hantsi ya koma.

Litinin tana rubuta kwanan wata a allo, hannunta ya tsaya. Al'adarta ta dawo tun watan jiya, kuma kwana goma sha biyu ke nan da ta fara ta wannan watan. Ta ba yara aikin rubutu, ta nemi izini wurin hedimasta, ta goya Jalal ta tari ɗan acaɓa.

Akwai kemis a Roni, amma na ɗan baffan Ashiru ne. Don haka ta ce a kai ta Kazaure, shagon Maman Emma, wata nas mai ritaya mai suna Lydia, wadda ta shekara talatin a garin har Hausarta ta fi ta wasu 'yan gari.

Ta tarar da mutum biyu a shagon. Ta tsaya tana duban gwangwanayen madara har suka fita.

"'Yata, ba madara kika zo saye ba," in ji Maman Emma. "Zagayo ciki ki zauna."

Khairiyya ta zauna a kan benci bayan kanta, ta faɗi komai kanta a ƙasa.

"Yaushe ya zo?"

"Shekaranjiya, Mama."

"To, kin zo a kan lokaci. Akwai ƙwaya guda da ake sha cikin kwana uku. Gwargwadon saurin shanta, gwargwadon aikinta."

Khairiyya ta kalli kwalin da aka ajiye a gabanta, ba ta taɓa ba.

"Mama, ku gaya mini tsakani da Allah. Ba zubar da ciki ba ne? Ina tsoron haɗuwata da Ubangiji."

"Ni ma ina tsoronsa. Wannan ba ta zubar da ciki. Jinkirta fitowar ƙwan mace take yi, don kada cikin ya shiga tun farko. In ya riga ya shiga, ba abin da za ta yi masa. Kuma ba zan ce miki ba ta taɓa kuskurewa ba."

"Nono fa?"

"Ki ci gaba da ba shi abinsa."

Khairiyya ta ciro waya ta ce ba za ta sha a ɓoye ba. Sai a kira na uku Ashiru ya ɗauka, ƙarar motoci na tashi ta bayansa. Ta yi masa bayani a gurguje.

"Me ya sa ba ki gaya mini allurar ta ƙare ba?"

"Kunya na ji, Baban Jalal. Ka zo a gajiye, kana ta murna."

Ta ji ya sauke numfashi.

"Ni ma ban tambaya ba. Tare likita ya gaya mana. Khairi, ni na wanke zanin da aka fito da ke a ciki ranar nan. Ki sha, don Allah."

Ta sha da ruwan leda. Maman Emma ta ce in ta yi amai cikin awa biyu ta dawo ta sake sha. Al'ada za ta iya zuwa da wuri ko ta makara. In ta wuce mako guda ba ta gani ba, ta zo a yi gwaji.

"Kuma wannan ta rana ɗaya ce, ba ta kullum ba. Ki koma asibiti a yi miki mai ɗorewa."

Kwanakin da suka biyo baya sun yi mata tsawo. Ta yi tashin zuciya yini guda, kanta ya yi ciwo. Ranar da take sa ran al'ada ta zo ta wuce. Kullum bayan la'asar Ashiru zai kira, ya tambayi Jalal, ya tambayi makaranta, sannan a ƙarshe ya ce, "To, ya ake ciki?" Ita kuma ta ce, "Shiru."

A rana ta biyar da wucewar lokacin ta ga jini. Ta zauna a bakin gado ta yi kuka mai isarta, Jalal na jan gefen zaninta yana dariya.

Ashiru ya roƙi hutun kwana biyu a ƙarshen wata. Da kansa ya ɗauke ta a babur zuwa Kazaure, aka sa mata abin tazarar haihuwa na hannu, wanda mata ke kira ashana. Shi kaɗai ne namiji a layin, yana riƙe da yaro, wata tsohuwa sai tsokanarsa take wai ko shi ma awo ya zo. Ya ce a'a, Baba, rakiya ce.