Akwatin Zaɓen Kwanan Wata

Manhajar asibiti muke haɗawa, a ɗaki ɗaya mai fanka mai ƙara. Kowa da sashensa: Dogo na magunguna, Anti na rajistar marasa lafiya, ni kuma nawa na ba da ranar ganin likita ne.

Kowane sashe yana buƙatar akwatin zaɓen kwanan wata, kowa kuma ya ƙera nasa. Nawa shi ne abu na farko da na rubuta da kaina, ba kwafa ba. Na yi masa manyan lambobi, don na ga yadda mahaifiyata ke kai waya har hanci kafin ta karanta.

Oga ya buɗe sassan a jere, ya ɓata fuska.

"Manhaja ɗaya, akwati iri uku? Ɗaya za a bari. Anti, ki zaɓa."

Na san nawa ya tafi. Na Anti ya fi tsabta, kuma ita ta koya mini aikin.

"Ƙane, yi bankwana da ɗanka," in ji Dogo. "Waɗannan lambobin ai daga bakin titi ma a karanta su."



Anti ta cire gilashinta, ta ajiye. Ta gwada akwatunan ɗaya bayan ɗaya, tana ƙanƙance ido. Sai ta buɗe sabon sashe, na kayan kowa da kowa, ta mayar da nawa ciki.

Na yi sauri na ƙara yi masa rajista a jerin kayan sashena. Allon kwamfuta ya cika da jan rubutu mai nuna kuskure.

"Kai, sannu mai gaggawa," ta ce. "Ba a yi masa rajista gida biyu. Gidansa ɗaya. Ka buɗe masa ƙofar fita, mai so ya shigo da shi."

Na gyara, jan ya ɓace. Ita kuwa ta zaɓi fayil ɗin akwatinta, ta goge, ko numfashi ba ta ja ba.

"Anti, naki fa?" in ji Dogo.

"Nawa sai da gilashi. Masu zuwa asibiti ba kowa ke da shi ba. Goge naka, sarkin surutu."

Ta sauya launin akwatin a wuri ɗaya, ya sauya a sassan duka. Ta mayar da gilashinta, ta dube ni.

"Daga yau in ya lalace, ko'ina zai lalace. Kai za a nema."

Na jawo kujerata kusa da tebur.