Zango a Abeshe

Rana ta cinye rabin taswirar da ke manne a bangon ofishin tikiti, har ƙasar Cadi ta koɗe ta koma fari. Karima na kallonta don kar ta haɗa ido da kakarta.

Tun da hantsi suka taso daga gida, unguwar Alsawra a Omdurman. Nana Khadija, wadda ko ƙetare gada zuwa Khartoum ba ta so, yau ita ta riga kowa shiri. Shekara da shekaru ɗanta Aminu yana roƙon ta koma wurinsa a Kano, inda za a duba mata idanu kafin su rufe, tana ƙi. Sai bana ta yarda, da ta ji an ce jirgin ta Cadi yake bi. A Abeshe, can cikin Cadi, mahaifiyarta ta rasu tana goye da ita, lokacin da ayarinsu ke tafiya hajji a ƙasa. Can aka binne ta, ayari ya wuce.

Karima ta san yadda tsohuwar ta fahimci zancen, ba ta kuma gyara mata ba.

"Tamam, ya Hajja," in ji Hazim mai sayar da tikitin. "Ki karya a nan, ki yi azahar a Kano. Awa huɗu ma ba ta cika ba."

"Kai yaro, ka ji tsoron Allah. Mu da muka yi shekaru a hanyar?"

Hazim ya yi dariya. "Da jaki kuka zo ai."

"Jakin ya fi ka kunya." Ta gyara tob ɗinta, dogon mayafin da ta naɗa, ita ma tana murmushi. "To a Abeshe fa, zangon na tsawon yaya ne? Ba zan daɗe ba. Akwai wata tsamiya bayan rijiya, baba ya kwatanta mini. Fatiha kawai zan yi, in yayyafa ruwa."

Hazim ya dubi Karima.

"Habboba," Karima ta ce da kakarta a hankali, "jirgi ba ya zango. Ta sama yake wucewa."

"Ta saman garin?"

"Eh."

"Ana ganin ƙasa?"

"In babu gajimare. Amma nesa ne sosai."

"Ko da ido mai lafiya?"

Hazim ya ce malesh, ta yi haƙuri, zai ba ta kujerar taga, ai addu'a ba ta da nisa.

Tsohuwar ta daɗe tana shafa gefen teburin da tafin hannu.

"Sau ɗaya aka wuce da ni aka bar mahaifiyata," ta ce. "Ban san komai ba lokacin."

Hazim ya miƙo hannu yana jiran fasfo. Karima ta sunkuya tana lalube a jaka, tana shirya abin da za ta faɗa mata game da likita, game da Kawu Aminu. Da ta ɗago, kujerar ba kowa. Ta gilashin ƙofa ta hango ta tana bin bango da hannu ɗaya, ta nufi tashar motocin da ke komawa Omdurman.