Mutum Ɗaya, Suna Biyu a Tashar Ak-Talaa

An rufe tashar talabijin ta Ak-Talaa ranar Litinin da ƙarfe goma sha biyu na rana, ana tsakiyar karanta farashin tumaki. Dalilin da ofishin lasisi na Bishkek, babban birnin ƙasar, ya bayar shi ne ɗaya daga cikin masu tashar biyu bai sa hannu a takardar sabuntawa ba. Duk garin nan an san mai tashar ɗaya ne, kuma ya rasu bara.

Toktosun Asanov ya kafa ta a 1993, da eriyar da ya saya daga tsohuwar gonar gwamnati. Sanarwar rasuwa da cigiyar dawakan da suka ɓata su ne suka riƙe ta. A 2001 ya sayar wa wani ɗan kasuwar fata, Mamyt, rabi. Bayan shekara bakwai ya sake sayen rabin. Sai dai a tsakani, kamar mutane da yawa a lokacin, ya yar da wutsiyar sunansa ta Rashanci, wato ov, ya koma Toktosun Asan uulu, wato ɗan Asan. Da sabon sunan ya saya. Tun daga nan rajista take nuna abokan tarayya biyu, Asanov da Asan uulu, kowa da rabi.

'Yarsa Burul, wadda ke tafiyar da tashar da ma'aikata tara, ta je Bishkek sau huɗu. Na raka ta a karo na ƙarshe. Ta ajiye wa jami'in ofishin lasisi takardar gado da ta rasuwa. Ya duba, ya ce duka biyun na Asan uulu ne, kuma ba shi da ja a kan wannan rabin. Asanov yake nema.

"Baike, mahaifina ne," in ji Burul, tana kiransa yaya da harshensu don girmamawa. "Mutum ɗaya ne. Ni na yi jinyarsa."

Shi ma ya mayar mata da girmamawar, ya kira ta yaya mace: "Ban ƙaryata ki ba, eje. To Asanov ɗin ya zo ya faɗa da bakinsa."

"Daga maƙabarta? Ka ba shi kuɗin mota?"

Jami'in bai yi dariya ba. Ya ce takardar sauya suna za ta wadatar. Tana da ita, ta miƙa. Magatakardan da ya rubuta ta shekarun baya ya sa Toktasun maimakon Toktosun, da harafin a, yadda Rashawa ke furtawa. Jami'in ya ce wannan mutum na uku ne.

A hanyar dawowa muka tsaya shan shayi a garin Kochkor. Burul ta ce mahaifinta ya yanka doki, bisa al'adar nan, ranar da ya sauya sunan, ya tara gari, an ci an yi addu'a, amma bai taka ofishin lasisi ba, don a ganinsa wanda ya ci naman ai ya sani.

Mamyt, mai shekara tamanin da huɗu, ya yarda ya shaida a kotu cewa wanda ya sayar masa da rabin shi ne ya sake saye. Wani kamfani daga Bishkek ya riga ya nemi zangon da tashar ke watsa shirye-shirye a kai, kuma doka ta ba ofishin lasisi kwana arba'in ya yanke hukunci. Kotun ba ta sa rana ba tukuna.