Wadda Na Gani a Fili Na Tara

Duk macen da ke buga tanis don neman abinci tana da wanda ke tsaya mata a ɗaya gefen raga lokacin atisaye, ya yi ta mayar mata da ƙwallo har ta gaji. Nawa ya fita daban. Shi mutum yake zama. A ba shi bidiyon abokiyar karawata na minti ashirin, ya kalla yana taunar cingam, ya miƙe ya shiga fili, sai ga matar nan tsaye a gabana: tsayuwarta, yadda take murza raket a hannu, har tsakin da take ja idan ta zubar da maki. Shi ya sa 'yan wasa suka laƙaba masa Madubi, sunan kuma ya bi shi har ya danne na gaskiya.

Shekara huɗu muna tare. A ta biyu na lura ina jinkirin ɗaure takalmi don kawai mu fita fili a jere. A ta uku ya ba ni zobe a cikin gwangwanin ƙwallo, wai don kada Yaya ta gani ta ce mun raina aiki. Ba a wasa da zobe a yatsa, sai na zura shi a siririyar sarƙa na rataya a wuya, ya kwanta a ƙarƙashin riga, daidai inda zuciya ke bugawa.

Yaya ita ce kocina, ita ce babba a gidanmu, ni ce auta. Ita ta fara damƙa mini raket ina da shekara takwas, a wani filin siminti mai tsaga a bayan makarantarmu, tun daga ranar kuma ba ta taɓa ce mini na yi daidai ba sai ta haɗa da "amma".

Yanzu ina da ashirin da tara. Shekara goma sha ɗaya ina zagaya ƙananan gasa, daga wannan filin jirgi zuwa wancan, ban taɓa sa ƙafa a babbar gasa ba. A wannan makon na ci wasa biyu na share fage. Saura ɗaya. Idan na doke Doguwa, yarinya 'yar shekara ashirin mai hannu kamar sandar tuta, sunana zai hau allon babbar gasa. Idan ta doke ni, shi ke nan, domin gwiwata ta hagu ta riga ta ƙare. Likita ya tsayar da ranar aiki a ƙarshen wata, ya kuma faɗa mini ba tare da kwana-kwana ba cewa bayan aikin zan yi tafiya, zan hau bene, amma gasa sai dai a talabijin.

Ban da likitan, mutum uku suka san wannan magana: ni, da Yaya, da Madubi. Ina sa dogon wando mai kama jiki don ɓoye bandeji. Gudun gefe da gefe ba ya damuna sosai. Abin da ke kashe ni shi ne gudu zuwa gaba, idan aka ajiye ƙwallo a gindin raga, na taho a guje sannan na ci birki a kan ƙafar hagu. Babu wanda ya gano, saboda ban cika bari a samu sararin yi mini haka ba.

Ana gobe wasan, da la'asar, muna ɗakin otal. Ina kwance, Yaya tana ɗora mini ƙanƙara a gwiwa, Madubi yana zaune a ƙasa yana naɗa sabon tef a mariƙin raket ɗina.

"Surukina," in ji Yaya, "kwana uku ba ma ganinka da safe. Ko ka samu wata ce?"

"Haba Yaya, wa zai ɗauke ni? Ina wajen mai saƙa raket. Mutumin nan idan ba a tsaya a kansa ba, sai ya ja zaren kamar zai ɗaure akuya."

"To tashi ka yi mana Auta mu gani. Fuskar nan tata ta ishe ni, kamar an aiko mata da sammaci."

Ya miƙe. Ya buga ƙwallo a ƙasa sau huɗu, ya dakata, ya ƙara ɗaya. Sannan ya kai yatsa ya maida gashi bayan kunne, shi da kansa yake a aske tas kamar ƙwai. Yaya ta yi dariya har ƙanƙarar ta zame ta faɗi. Na jefe shi da matashi.

"Allah ya isa, ba haka nake yi ba!"

"Haka kike yi, ranki ya daɗe. Na fi ki sanin ki."

Na ji daɗin maganar. Ina tuna yadda na ji daɗinta, har na rufe ido na ajiye ta a raina kamar wadda aka yi wa waƙa.

Washegari wasana ƙarfe biyu ne na rana. Wajen tara na safe na kasa zama, na ce wa Yaya bari na taka na karɓo raket ɗina, in ya so mu dawo tare da Madubi. Rumfar mai saƙa tana can ƙarshen harabar, bayan wurin ajiye motoci. Na same shi sunkuye a kan injinsa, da almakashi a baki.

"Naki shida suna nan tun shekaranjiya," ya ce bayan ya cire almakashin. "Ina ta jira a zo a ɗauka."

"Madubi bai zo ba?"

"Rabona da shi tun ranar da kuka iso."

Na rataya jakar na fito. Ban zargi komai ba, wallahi. Har murmushi nake, ina cewa ƙila wata kyauta yake shirya mini. Na bi ta bayan filayen atisaye don guje wa 'yan jarida. Filayen can nesa an kewaye su da koren tamfol, ba mai zuwa wurin sai masu shara. Ina daidai fili na tara na ji sautin.

Tas, tas, tas, tas. Shiru. Tas.

Ƙafata ta tsaya da kanta. Mutum yana iya manta muryarsa, amma ba ya manta wannan. Akwai 'yar yagewa a jikin tamfol ɗin, na kai ido.

Ni ce a cikin filin.

Ni ce, da aski da gajeren wando. Madubi ya maida gashin da ba shi da shi bayan kunne, ya cilla ƙwallo sama, ya yi sabis, bugun buɗe wasa, irin nawa, mai karkata waje. A ɗaya gefen Doguwa ce, kocinta yana tsaye a bayanta ya harɗe hannu. Suka yi musayar bugu uku, huɗu, sai kocin ya ce, "Yanzu!" Doguwa ta sassauta hannu ta ajiye ƙwallon a gindin raga.

Na ga kaina na taho a guje. Na ga ɗan ƙarin takun nan da nake yi da ƙafar dama don na rage wa hagu nauyi. Na ga na iso a makare. Sannan, da makin ya ƙare, ya juya baya ya shafa tafin hannunsa a cinyar hagu, kamar mai goge gumi.

Wannan ne ya karya ni. Ba gumi nake gogewa ba. Danna saman gwiwar nake yi don zafin ya lafa, kuma ko Yaya ba ta taɓa lura ba. Shi kaɗai ya gani, wata rana a cikin mota, ya kama hannun ya sumbata ya ce, "Ba sai kin ɓoye mini ba."

"Kin gani?" ya ce da Doguwa, da muryarsa ta kullum, mai taushi. "Idan ta shafa nan, to ciwon ya fara cin ta. Ki ƙara mata biyu a jere."

Ban san yadda na kai ɗakin canja kaya ba. Yaya ta kalle ni sau ɗaya ta ajiye kwalbar da ke hannunta.

"Gwiwar ce?"

Na faɗa mata. Ta saurara har ƙarshe, ta miƙe tana naɗe hannun riga.

"Fili na nawa kika ce?"

"Yaya, zauna."

"Ni zai ci wa abinci shekara huɗu? Ni zai kira Yaya? Yau sai na fasa wannan ƙwan da yake kira kai!"

"Idan kika je, za su san na sani. Zauna ki ɗaure mini ƙafa."

Ta zauna. Sau biyu tana kwance bandejin tana sakewa. Da ta gama ta daɗe riƙe da ƙafata a cinyarta.

"Auta, kina iya janyewa. Ba wanda zai ce komai."

"Shekara goma sha ɗaya, Yaya."

"To kada ki bi gajerun da za ta ajiye a gindin raga. Ki bar mata su. Ki gama maki kafin ta samu sarari, ki buga kamar gidanku ya kama da wuta."

Haka na yi a turmin farko. Na buga da haushi, kowane ƙwallo fuskarsa nake gani a jiki. Doguwa ba ta samu numfashin da za ta sassauta hannu ba, na cinye shida da uku. Na saci kallon wurin zaman 'yan rakiyata. Yana nan kusa da Yaya, cikin hular da na saya masa, yana tafi. Yaya ta matsa har ƙarshen benci, ta bar kujera biyu a tsakaninsu.

A turmi na biyu hannuna ya fara sanyi, ita kuma ta tuna karatunta. Gajere na farko na bar shi. Na biyu na bar shi, 'yan kallo suka fara gunaguni. Na uku ya zo a kan makin da ba zan iya bari ba, jikina ya tafi kafin hankalina ya hana shi. Na kai, na ɗaga ƙwallon, na ci birki. Wani abu ya yi ƙara a cikin gwiwar kamar an karya ɗanyen kara.

Na juya baya. Hannuna ya kama hanyar cinya, na tsayar da shi a iska. Na dunƙule shi. Na rantse a raina ko ƙafar za ta cire ba zan shafa ba, ba zan ba su alamar da ya sayar musu ba. Amma Doguwa ba ta buƙatar alama kuma. Ta ƙara biyu a jere, kamar yadda aka koya mata.

Ta ɗauki turmi na biyu. A na uku na riƙe ta har huɗu da huɗu, da me, ban sani ba. Alƙaliyar wasa ta sunkuyo daga kujerarta ta tambaye ni ko a kira likita, na girgiza kai. Makin ƙarshe ma gajere ne. Ya faɗi a gindin raga ya yi ɗan tsalle biyu, ina tsaye a layin baya ina kallonsa kamar yadda ake kallon jirgin da ya tashi ya bar mutum.

A bakin raga Doguwa ta kasa haɗa ido da ni. Yarinya ce. Ban riƙe ta da komai ba.

Madubi ya same ni a dogon lungun da ke zuwa ɗakin likita, ina dafe da kafaɗar Yaya. Ya taho da tawul a buɗe, fuskarsa cike da tausayi, kuma wallahi tausayin ya yi kyau ƙwarai, ban san wa ya kwaikwaya ba.

"Sannu, masoyiya. Kin yi ƙoƙari."

"Fili na tara," na ce.

Tawul ɗin ya sauka a hankali. Yaya ta yunƙura, na matse kafaɗarta.

"Ki saurare ni," ya ce. "Da kin ci yau, jibi za ki sake shiga, da wannan ƙafar. Likita ya ce kina iya gurguncewa. Na roƙe ki ki daina, kin ƙi. Don ke na yi."

"Don ni ka ce ta ƙara mini biyu a jere?"

Ya shiga naɗe tawul ɗin a hannunsa.

"Yaushe za ka fara aiki da su?"

Ya kalli takalminsa. "Wata mai zuwa. Ke kin gama, ni fa? Ina da shekara talatin da biyu, ba abin da na iya sai wannan. Ai dole wani a cikinmu ya ci gaba da aiki idan mun yi aure."

"Aure!" in ji Yaya. "Ka ji ɗan banza, har da aure!"

Akwai gwangwanin ƙwallo a aljihun jakata, babu komai a ciki. Na cire sarƙar daga wuyana, na zare zoben na jefa. Ya yi 'yar ƙara a gindin gwangwanin. Na mayar da murfin na miƙa masa, ya karɓa saboda bai san abin da zai yi da hannunsa ba.

"Ka ce ka fi ni sanin kaina," na ce. "To yi ni."

"Me?"

"Yi ni yanzu. Ga ni a gabanka, ka kalla da kyau. Yi in gani."

Ya dube ni. Na ga idonsa yana aikin da ya saba, yana bin kafaɗata, da bakina, da yadda na tsaya a kan ƙafa ɗaya, yana neman inda zai kama. Ya gyara tsayuwa, ya sake gyarawa. Ya ɗaga hannu zai kai bayan kunne, ya fasa. A shekara huɗu ban taɓa kallonsa da wannan fuskar ba, don haka ba shi da ita a ajiye.

Muka wuce shi. Ƙofar likita tana da nisan taku ashirin, kowane taku kuma sai da na ji shi har cikin haƙorina. A tsakiyar hanya na tsaya, na sa tafin hannu na danna saman gwiwar sosai, a gaban kowa.

"Tun yaushe kike yin haka?" Yaya ta tambaya.

"Shekara biyu."

Ta gyara hannuna a wuyanta, ta ɗauke rabin nauyina.

"Kin buga wasa yau, Auta," ta ce.

Na jira "amma" har muka kai ƙofa. Ba ta zo ba.