Jar Fitilar Motar Babanmu

Ni dai ban taɓa ganin mota mai munafunci irin a-kori-kurar babanmu ba. Shekara ashirin tana ɗaukar albasa daga gonarmu ta Birnin Malam zuwa kasuwar Aliero ba ta ba shi kunya ba, amma yana rasuwa, ta faɗo hannuna, sanyi na shigowa ta tsiro da sabon hali. Ana cikin tafiya sai jar fitilar batir ta kama a gabana, alamar altaneta, wato abin da ke yi wa batir caji, ya daina aiki. Ta kama, ta mutu, ta sake kamawa. In muka tsaya azahar na kashe injin, to shi ke nan, sai turi.

Sau uku ina kai ta Jega wurin Nuraddeen mai gyaran wayarin mota, abokina tun na firamare. Sau ukun nan kuwa 'yar banzar motar tana isa gabansa sai ta zama ta Allah. Ya ɗora mita, caji ras. Ya canja kabon ɗin cikin altaneta, ya ɗaure fambel, wato bel ɗin da ke juya ta, ya goge kan batir har yana ƙyalli.

"Rufa'i, motarka lafiyarta lau," in ji shi. "Ko dai idonka za mu kai a duba?"

Na ce ya kiyaye ni, don a lokacin ba na cikin yanayin wasa.

Abin da ya tayar min da hankali shi ne ranar da muka ɗauko irin albasa na dashe daga Andarai. Muka tsaya salla a wani ƙauye, mota ta ƙi tashi, ga yashi, babu wurin turi. Kafin a samo aron batir rana ta dafa rabin irin. A cikin motar kuma akwai Baffa Waliyyu, ƙanin babanmu, wanda yanzu shi ne babba a gida, kuma ba a zuwa kasuwa ko sayen iri sai da shi. Da yamma ya tara mu ya yanke magana.

"Motag ga ta gaji. In ta ƙara tsayawa da mu sau guda, a kira masu sayen ƙarfe su sare ta."

Wallahi sai da na ji kamar an ce za a sake ɗaukar gawar baba daga gidan. Kujerar direba har yau da lotsawar zamansa, carbinsa na rataye inda ya bar shi. Amma wa zai yi musu da Baffa? Na ce to.

Washegari na koma Jega, na zauna a bencin Nuraddeen na gaya masa komai. Wannan karon bai yi dariya ba.

"Kuskurenmu ɗaya," ya ce. "Kullum sai ta warke kake kawo min ita. Yaushe za ku sake fita?"

Na ce jibi, za mu koma Andarai mu cike irin da ya lalace.

"To da ni za a je. Zan zauna baya. Fitilar na kamawa ka tsaya, kada ka kashe injin."

Ranar muka fita da safe, sanyi na yanka fuska. Baffa a gaba ya naɗe cikin bargo, Nuraddeen a baya rungume da jakar kayan aikinsa. Muka wuce Jega lafiya, muka kama hanyar Maiyama lafiya. Har na fara zagin motar a zuci, ina cewa yau ma za ta tozarta ni. Muna sauka daga kwalta muka shiga gargada, ta yi tsalle biyu, sai ga jar fitila ta kama. Tunda nake ban taɓa murnar ganinta ba sai ranar.

Na taka birki. Nuraddeen ya diro, ya kwance igiyar bonet, don makullinsa ya daɗe da karyewa, da igiya muke ɗaure shi ta waje. Ya ɗaga, ya leƙa. Can ya yafito ni da hannu.

Butar ƙarfe ce, cike da ruwa, an cusa ta a lungu kusa da injin. Gindinta ya danne wayoyin da ke shiga bayan altaneta, nauyinta ya ja soket ɗin ya zame rabi. Nuraddeen ya sa tsumma ya ɗaga butar, soket ya koma mazauninsa, na leƙa ciki, fitila ta mutu. Ya mayar, ta kama. Ya ɗaga, ta mutu.

Na san butar. Duk gidanmu babu wanda bai san ta ba.

Baffa ya sauko yana jan ƙafa. "Mi kuka yi da butata?"

Ashe kullum za mu fita, ina can baya ina fama da lodi, shi kuma sai ya kwance igiya ya ajiye butarsa kusa da injin, don ruwan alwala ya yi ɗumi kafin azahar. Muna tsayawa, ni na nufi rijiya, shi ya ɗauke abarsa. Kafin in dawo in buɗe bonet ina huci, babu komai sai batir da ya riga ya mutu.

Maganganu sun zo min har bakin leɓe. Irin da ya ƙone, zirga-zirgar Jega, kwanakin da na yi abinci ba ya wuce min. Sai na dubi hannunsa da ya miƙo zai karɓi butar, yatsun duk sun kumbura sun lanƙwashe da sanyin ƙashi. Ban taɓa lura da su ba sai ranar, kuma na ji kunyar hakan ƙwarai.

Nuraddeen ya yi masa bayani a hankali, cikin ladabi. Baffa ya daɗe yana kallon soket ɗin.

"Babanka shi ka aje mini ita," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Duk sanyi, shi da hannunshi. Ban taɓa duba inda yake sa ta ba. Da ya tafi, ban so in ɗora maka."

Nuraddeen ya zagaya ɗaya gefen injin yana lalube. Sai ga shi ya nuna mana wani ɗan zoben ƙarfe da aka yi wa walda a jikin bodi, nesa da kowace waya, duk ya yi tsatsa. Sau nawa ina ganinsa ina cewa aikin banza ne na wani makaniki. Na karɓi butar na zura a ciki, ta zauna daram, daidai gindinta.

Nuraddeen ya ɗaure soket da waya, ya rufe bonet.

Muka ɗauko iri, muka tsaya azahar a ƙauyen nan dai mai yashi. Na kashe injin da gangan. Na riga Baffa zuwa bonet, na ciro butar na kai masa har inda yake zaune. Da aka idar da salla na murɗa makulli, bugu ɗaya ta tashi.

Mun kusa Jega kafin Baffa ya yi magana, idonsa na kan carbin da ke lilo.

"Rufa'i, zancen masu sayen ƙarfen nan, a bar shi."

Na ce, "To, Baffa. Gobe ku miƙo min butar kafin in fara lodi."