Hanjin da Sanyi Ya Kama

Shekara biyu ina renon hanjin 'yan tsaki a faranti. Ba ƙyanƙyasassu ba, na cikin ƙwai, waɗanda hanjinsu bai kai kaurin zare ba. So nake in tabbatar wani sinadari da fatar cikin hanji ke fitarwa shi ke umartar ƙwayoyin halittar da ke kewaye su zama tsoka, wadda ke matsa abinci ya wuce. Sai in ɓare fatar, in ɗiga sinadarin da hannuna. In tsoka ta fito, hanjin zai motsa. Ko gezau bai taɓa yi ba.

Farfesan da ke duba aikina ya gaji. Ya ce ranar Alhamis in zubar da farantan, in nemi wani binciken.

Ranar Alhamis ɗin na'urar sanyaya ɗaki ta mutu, gumi har cikin safar hannu. Na ciro ɗaya daga farantai biyu na ƙarshe a akwatin ɗumi na ɗora a madubin ƙara girma, don sallama kawai.

Ya motsa! Ya matse daga sama, matsin ya gangara ƙasa, ya sake, ya kuma. Na ƙwalla ihu.

Baba, dattijon da ke wanke mana kwalabe, ya shigo da kumfa a hannu. "Lafiya, 'yata? Maciji ne?"

"Baba, duba! Rawa yake!"

Ya duba, sannan ya ɗaga kai ga matacciyar na'urar, wadda ke daidai saman teburina. "To dama a nan kike dubawa kullum, iska na kaɗa shi? Hanji fa a ciki yake zama, ba a firji ba."

Kunya ta kama ni, murna ta kore ta. Na rarumo ɗaya farantin, wanda ban ɗiga wa komai ba, na duba: shiru kake ji. Sinadarin ne, ba zafin kaɗai ba.

Da gudu na jawo Farfesa, har na bar takalmina ɗaya a kan matakala. Ya sunkuya kan madubin, ya daɗe yana dubawa.

"Faranti nawa kika zubar a baya?"

"Sun haura ɗari uku, ranka ya daɗe."

"Duk a sanyi?"

"Duk."

Ya cire tabarau ya goge ido, dariya na cinsa.

"Ƙwai nawa zan sa a kawo miki ranar Litinin?"

Na buɗe baki in ba shi amsa, kuka ya riga ni.